Matakalar ɗakin tafi-da-gidanka da sirrin da Baba ya ba ki

Wata 'yar'uwa ta rubuto daga jihar Ohio ta Amurka tana cewa: "Bara maigidana ya sayi ɗakin tafi-da-gidanka na hannu, irin wanda ake ja da mota a je a kwana a daji ko bakin ruwa lokacin hutu. Bana mahaifinsa ya zo mana ziyara daga gida. Shekarunsa 76, yana shan maganin hawan jini, kuma gwiwarsa ta hagu tana damunsa. Mun je da shi wani sansani a bakin tafkin Erie, da asuba ya fito zai yi alwala a waje da buta a hannu, sai ƙafarsa ta zame a matakala ta ƙarshe, ya faɗi a kan gwiwa da tafin hannu. Ni kaɗai na gani, kuma ya roƙe ni kada in gaya wa ɗansa. Matakalar ta ƙarfe ce mai hawa uku, tana lilo idan an taka, kuma babu abin kamawa sai wani ɗan mariƙin roba a gefen ƙofa. Na ce wa maigida mu sa ƙarfen dafawa, ya ce wanda ke nan ya isa, in kuma na matsa zai sayo irin na banɗaki ya ɗaura da kansa. Ni kuma kunya ba ta barina in riƙe hannun Baba. Saura mako uku mu sake tafiya ta kwana biyar. Yaya zan yi?"

'Yar'uwa, sannu da wannan fargaba, Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya saka miki da alheri a kan kulawar da kike yi masa. Damuwarki a kan hanya take, kuma shawarata ita ce kada ku sake ɗaukar Baba a wannan ɗaki sai an gyara mashigarsa. Mako uku ya ishe ku yin hakan idan aka fara yanzu.

Zan fara da sirrin, domin shi ne ya tsayar da komai. Maigidanki ya ce ɗan mariƙin nan ya isa ne saboda bai san mahaifinsa ya riga ya faɗi ba, kuma a iya saninsa gaskiya ya faɗa, tunda shi da ke da yara kuna hawa kuna sauka ba abin da ya same ku. Kina neman ya kashe kuɗi a kan wani hatsari da yake ɗauka hasashenki ne, alhali ke kin gan shi da idonki. Na fahimci dalilin Baba sarai. Dattijon da ya saba shi ake jingina da shi ba ya son ɗansa ya fara kallonsa a matsayin wanda ƙarfi ya ƙare masa, kuma baƙo ba ya son ya zama nauyi a gidan da ya sauka, ko da gidan ɗan cikinsa ne. Sai dai amanar da riƙe ta zai iya jawo wa mai ita karaya ba a riƙe ta a haka. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta daɗe tana faɗin cewa fiye da mutum ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka kai shekara 65 suna faɗuwa a kowace shekara, waɗanda ke gaya wa likita ba su kai rabi ba, kuma wanda ya faɗi sau ɗaya hatsarin sake faɗuwarsa yana ninkuwa. Kusan duk karayar ƙashin kwatangwalo a tsofaffi daga faɗuwa take zuwa, kuma karaya ce da sau da yawa ke raba mutum da tafiya da ƙafarsa har ƙarshen rayuwa. Baba ya tsira da ƙujewar gwiwa, amma da ya faɗi ta gefe, da yanzu wani zance ake yi.

Kada ki tsallake shi ki je wurin ɗansa kai tsaye, domin hakan zai sa ya ji kin ci amanarsa. Ki samu lokacin da hankalinsa yake kwance, misali bayan kin kai masa shayi, ki durƙusa ki ce masa tun ranar nan ba ki samu barci ba, kuma ba za ki iya ɓoye wa maigidanki abin da ya shafi lafiyar mahaifinsa ba, saboda in wani abu ya faru gobe ba ki da bakin da za ki kare kanki. Ki roƙe shi ya faɗa da kansa, ko ya ba ki izini ki faɗa. Yawancin dattawanmu idan suka ga ɓoyewar tana jefa surukarsu cikin matsala da mijinta sukan sassauta, domin abin da ba za su yi don kansu ba suna yi don zaman lafiyar gidan ɗansu. Idan ya ƙi, ki sanar da shi cikin ladabi cewa za ki faɗa, sannan ki faɗa wa maigidan ku biyu kaɗai, ba a gaban yara ba, ki kuma roƙe shi kada ya tunkari Baba da tambayoyi ko faɗa.

Yana da kyau maigidan ya gane me ya sa wannan matakala ta fi ta gida hatsari. Ƙa'idar gina gidaje da yawancin jihohin Amurka ke bi ta ce tsayin kowane hawa kada ya wuce inci 7¾, wato kusan santimita 20, faɗin wurin ɗora ƙafa kada ya gaza inci 10, kuma duk matakalar da ta kai hawa huɗu dole a yi mata abin dafawa. Wannan ƙa'ida ba ta hau kan ɗakin tafi-da-gidanka ba, saboda a matsayin abin hawa ake lissafa shi, amma gwiwar Baba ba ta san wannan bambanci ba. Idan kika ƙirga takun da yake yi daga ƙasa zuwa dokin ƙofa, za ki ga huɗu ne: uku na matakalar, ɗaya na shiga ɗakin. Ga shi irin matakalar da kika kwatanta a rataye take a ƙarƙashin ƙofa, ba ta taɓa ƙasa, shi ya sa take nutsawa idan an taka, ɗakin ma ya ɗan karkata. Mafi muni shi ne taku na ƙarshe, wanda tsayinsa ke canzawa daga sansani zuwa sansani. A farfajiyar gidanku yana iya zama daidai, a bakin tafki inda ƙasa ke gangarawa sai ya ƙaru da rabin taƙi. Ƙafar mutum tana auna matakala ne da takun farko da na biyu, sai ta sa ran na uku ma haka yake, kuma idan ta nemi ƙasa ba ta same ta inda ta zata ba, nauyin jiki gaba ɗaya yana sauka ne a kan gwiwar da aka bari a sama. Ki haɗa wannan da duhun asuba, da raɓar da ta kwanta a kan ƙarfe, da silifas na roba, da buta cike da ruwa a hannu ɗaya, da ɗayan hannun yana tattare da jallabiya, da mutumin da bai fi minti biyu da tashi daga barci ba. Abin mamaki a nan shi ne da bai ji ciwo fiye da haka ba.

Ɗan mariƙin da ke gefen ƙofa yana da amfani, amma iyakarsa ya taimaki wanda ya riga ya hau ya ja jikinsa ciki. Mai sauka yana iya riƙe shi a hawa na farko, a na biyu hannunsa ya miƙe ta baya, a na uku dole ya saki, wato yana rabuwa da shi daidai inda ya fi bukatarsa. Da yawa idan sun saki sai su kama ƙofar, ita kuwa ƙofa juyawa take yi, tana tafiya da mutum. Abin da Baba ke bukata shi ne ƙarfen da ya fito waje ya bi matakalar, wanda hannu zai same shi tun mutum yana tsaye a ƙasa, ya kuma ci gaba da riƙe shi har ƙafafunsa biyu su sauka.

Maganar ɗaura ƙarfen banɗaki kuwa, ina roƙon maigidanki ya janye ta, ba don ina shakkar iya aikinsa ba, sai don bangon ba irin wanda ya sani ba ne. Mafi yawan waɗannan ɗakuna a yankin Elkhart na jihar Indiana, maƙwabciyarku, ake ƙera su, kuma ana yin su ne don su yi sauƙin ja, saboda haka bangonsu duka-duka bai cika wuce inci biyu ba. Iri biyu ne. Akwai mai ƙashin katako da aka lulluɓe da kwanon alminiyom mai layi-layi, akwai kuma mai santsi, wanda aka manna fatar faiba a kan siririn falanki, soso a tsakiya, da bututun alminiyom jefi-jefi a matsayin ƙashi. Na taɓa tsayawa a wani garejin gyara aka nuna mini gefen ƙofar da aka ɗaura wa mariƙi a inda babu ƙashi. Ƙusoshi huɗu masu murɗi sun fito gaba ɗaya, kowace da ɗan farin soso a jikinta, falankin da suka kama bai fi kaurin murfin kwali ba, kuma da makanikin ya danna wurin da babban yatsansa sai bangon ya lotsa kamar burodi, saboda ruwan sama ya daɗe yana shiga ta ramukan ya ruɓar da cikin. Mariƙin ya yi wata da watanni yana nan kamar lafiya lau, har ranar da wani ya sake masa nauyinsa duka. Ƙarfen dafawa marar ƙarfi ya fi babu illa, domin idan babu, mutum yana taka-tsantsan, idan kuwa akwai, ya amince masa ne ya jingina. Ƙa'idar gidajen da na ambata tana so abin dafawa ya jure nauyin da ya kai kilo 90 daga kowace fuska, kuma wannan shi ne ma'aunin da ya kamata ku riƙe a zuciya ko da doka ba ta tilasta muku ba. Irin mariƙin da ake mannawa da roba mai tsotsar iska kuwa kada ma ya shigo cikin lissafi.

A ganina gyaran daga matakalar ya kamata ya fara, saboda ƙarfe mai kyau a kan matakala mai lilo rabin magani ne. Yanzu akwai matakalar da ke da ƙafafu biyu masu taka ƙasa, ana daidaita tsayin kowace ƙafa daban, idan za a tashi kuma a naɗe ta ta shige cikin ƙofa. Solid Step na kamfanin Lippert da StepAbove na kamfanin MORryde su ne aka fi sani, dukansu kuma kamfanonin Elkhart ne. Kamfanin Torklift yana da GlowStep Revolution, wadda ke naɗewa a gurbin tsohuwar matakala a ƙarƙashin ƙofa, ita ma tana taka ƙasa. Bambancin da mutum ke ji a ƙafarsa babba ne, domin nauyinsa ƙasa yake sauka, ɗakin ba ya motsi. Suna da nasu aibin, kuma gara ki sani tun yanzu: waɗanda ke shigewa cikin ƙofa suna da ɗan nauyi wajen ɗagawa, suna shigo da yashi da ruwa idan ba a share su ba kafin a naɗe, suna bukatar fili a gaban ƙofa kafin a sauke su, kuma idan aka tsawaita ƙafafun fiye da kima sai ƙofar ta riƙa gogar su. Kafin a saya, a auna faɗin ƙofar daga ciki zuwa ciki, a kuma auna daga dokin ƙofa zuwa ƙasa bayan an daidaita ɗakin a wuri mai shimfiɗa. Idan tsayin ya faɗo tsakanin mai hawa uku da mai hawa huɗu, ku ɗauki mai huɗu, saboda gajerun taku sun fi wa mai ciwon gwiwa sauƙi.

Shi kansa ƙarfen dafawar kashi biyu ne a taƙaice. Akwai wanda ake ɗaurawa a bango kusa da ƙofa, ya buɗe waje idan an sauka, a naɗe shi ya kwanta a jikin bango idan za a tafi. Lend-A-Hand na kamfanin Stromberg Carlson shi ne sanannen misali, kuma MORryde suna da Safe-T-Rail wanda ke zuƙewa ya miƙe ya gangaro tare da matakalar. Akwai kuma wanda ake ɗaurawa a jikin matakalar kanta, wanda Lippert da MORryde kowanne ke yi wa tasa. Ga mutum kamar Baba, na fi natsuwa da matakala mai taka ƙasa tare da ƙarfenta da ya bi gangarenta, a bar ɗan mariƙin ƙofa a inda yake don takun shiga ɗaki. Dalilina biyu ne: hannunsa ba zai rasa abin kamawa ba daga ƙasa har sama, kuma ba a ƙara huda bangon da ba ku san tarihinsa ba, tunda na hannu kuka saya. A tabbatar ƙarfen da matakalar na kamfani ɗaya ne kuma an yi su don juna, kada a haɗa na wannan da na wancan a ce za a yi dabara. Wajen kuɗi, mariƙin bango mai naɗewa yawanci bai kai dala ɗari ba, matakala da ƙarfenta kuwa 'yan ɗaruruwa ne. Ki tuna wa maigida cewa Baba baƙo ne, tsarin Medicare na tsofaffin Amurka bai shafe shi ba, kuma inshorar matafiya sau da yawa tana da iyaka da sharuɗɗa, saboda haka dare ɗaya a asibiti zai iya cinye kuɗin matakala goma.

Idan aljihu bai kai can ba a wannan wata, a sa mai naɗewa na bango, amma a yi shi yadda ya kamata. A ɗaura shi ta ɓangaren da makullin ƙofa yake, domin ɗaya ɓangaren nan ne ƙofar ke buɗewa ta rufe. Dole ƙusoshin su shiga ƙashin bango ko farantin da masana'anta ta ɓoye a ciki don wannan aiki, kuma hanyar sanin wurin ita ce a kira kamfanin da ya ƙera ɗakin a ba su lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, a tambaye su inda ƙarfin bangon yake. Idan babu ƙashi a wurin, sai a huda har ciki a sa noti da faranti ta baya, bayan an tabbatar babu wayar lantarki a hanya, domin makunnan fitilu galibi a gefen ƙofar nan suke. A shimfiɗa danƙon butil, wato danƙo mai hana ruwa shiga, a ƙarƙashin ƙafar mariƙin kafin a ɗaure, a bi gefensa da abin toshe ruwa na waje, a yi amfani da ƙusoshin da ba sa tsatsa. Kafin komai ma a danna bangon da tafin hannu a zagayen ƙofar, idan ya yi laushi ko fatarsa ta kumbura, ruwa ya riga ya shiga, kuma wannan aikin makaniki ne. Idan maigida yana da ko ɗan kokwanto, ya kai wa masu gyaran irin waɗannan ɗakuna, ko ya kira waɗanda ke zuwa gida, amma ya kira su a wannan makon, saboda a lokacin zafi layinsu yana da tsawo. A haɗa da ƙafar tallafi da ake sawa a ƙarƙashin hawa na ƙarshe don rage lilo, da ɗan dandamali mai faɗi mai ƙafafun daidaitawa da zai cike gibin taku na ƙarshe. Kada a yi amfani da bulo ko kujerar yara.

Akwai abu ɗaya game da mariƙin bango mai naɗewa da nake so ki riƙe sosai. Ana iya naɗe shi ta kan ƙofa lokacin tafiya, kuma idan yana haka ba a iya buɗe ƙofar daga ciki. Ki gargaɗi yaranki kada su taɓa yin wasa da shi alhali akwai mutum a ɗaki, domin idan gobara ta tashi ko gas ya zuba, mafitar da ta rage ita ce tagar gaggawa, kuma dattijo mai ciwon gwiwa ba zai iya bi ta can cikin sauƙi ba. Haka nan kafin a tayar da mota a zagaya a tabbatar an naɗe shi ya kulle.

Tsayin ƙarfen da kaurinsa ma abin dubawa ne. A gidaje ana sa shi tsakanin inci 34 zuwa 38 daga bakin matakala, kaurinsa kuma tsakanin inci 1¼ zuwa 2, yadda yatsu za su zagaye shi su kama. Idan akwai zaɓi, ku ɗauki mai rufin roba ko soso a wurin riƙo, saboda tsiraran ƙarfe yana santsi da jiƙaƙƙen hannu, yana kuma sanyi ƙwarai da asuba. A nan ne nake ganin za ku iya mayar wa Baba da girmansa. Maigida ya kira shi ya ce yana so ya gyara mashigar nan saboda kowa, har da ƙananan yara da ke tsalle daga sama, kuma yana neman ya zo ya gwada ya faɗi inda hannunsa ya fi jin daɗi. Wannan ba yaudara ba ce, gaskiya ce, kuma dattijon da aka nemi shawararsa a kan aiki yakan yi amfani da abin da aka yi, saɓanin wanda aka kawo wa abu aka ce don rauninsa aka saya.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne amma kada a raina su. Duk inda kuka sauka, a fara daidaita ɗakin, a sa waigi a tayoyi, a sauke jak ɗin kusurwoyi huɗu kafin Baba ya taka. A manna tef mai kaushi a kan kowane hawa, a sa mai haske a bakinsa yadda ido zai ga inda ya ƙare, a bar fitilar ƙofa a kunne ko a sa ƙaramar fitila mai kamawa da motsi. Ya bar silifas ya sa takalmi mai riƙe dunduniya. Batun buta kuwa, mafi sauƙi shi ne ya yi alwalar asuba a ciki tunda akwai famfo, idan kuma ransa ya fi son waje, a cika butar tun dare a ajiye ta a ƙasa tare da kujera da sallaya, yadda zai sauko da hannuwansa biyu babu komai. Jikansa babba zai iya ɗaukar wannan a matsayin aikinsa na kullum.

Akwai yadda likitocin gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi ke koya wa masu ciwon gwiwa hawa da sauka, kuma ya kamata Baba ya saba da shi: wajen hawa, lafiyayyar ƙafa ce ke fara tafiya, wato ta dama a wurinsa, wajen sauka kuma mai ciwon ce ke fara sauka, kuma ƙafafu biyu su haɗu a kowane hawa kafin a ci gaba. A matakala mai tsayi irin wannan, da yawa sun fi samun natsuwa idan suka sauko da baya suna fuskantar ƙofa, kamar mai saukowa daga tsani. Idan ya tashi daga barci ya zauna a bakin gado na ɗan lokaci kafin ya miƙe, domin wasu magungunan hawan jini suna sa jini ya faɗi idan an miƙe da sauri, mutum ya ji jiri. Saboda wannan ne nake so a kai shi wurin likita kafin tafiyar, a faɗa masa an faɗi, a auna jininsa a kwance da a tsaye, a duba magungunansa da gwiwar da idanunsa. Idan tabaransa mai gida biyu ne, na nesa a sama na karatu a ƙasa, ɓangaren ƙasan yana dusashe matakala idan ya kalle ta. Kada ya rage ko ya daina magani da kansa. Idan kuma ya buga kansa a faɗuwar nan, ko yana shan maganin tsinka jini, ko kin lura yana yawan barci ko rikicewa ko ciwon kai, kada a jira ranar ganin likita, a tafi sashen gaggawa yau.

Game da kunyarki, ba zan ce ki yar da ita ba, domin tarbiyya ce kuma Baba ma zai fi jin nauyin ki riƙe shi fiye da yadda ke za ki ji. Amma ki sani a shari'a mahaifin miji muharraminki ne, saboda haka idan kika ga yana tangaɗi ki tare shi, babu laifi a kanki ko kaɗan. Sai dai riƙon hannu ba shi ne kariya ba, saboda namijin da ya tafi faɗuwa zai tafi da ke ne ku faɗi tare. Mai taimako yana tsayawa ne a ƙasa da shi, ɗan gefe ta wajen ƙafa mai ciwo, ko ana hawa ko ana sauka, kuma wannan wurin maigidanki ne ko babban ɗanku. Ku yi yarjejeniya cewa da asuba maigida ne zai fara fita.

Idan an gama aikin, kada gwajin farko ya zama a sansani. A daidaita ɗakin a farfajiyar gida, maigida ya fara kama ƙarfen ya ja shi da dukan ƙarfinsa ta gefe da ta ƙasa, ya duba ko gindinsa yana motsi ko bango yana lotsawa, sannan Baba ya hau ya sauka sau da yawa da rana, ya sake yi bayan magariba da fitilar da zai yi amfani da ita a can. A sake ɗaure notocin bayan tafiyar farko, domin girgizar hanya tana kwance su. Idan mako ukun ya cika kayan ba su iso ba, ko likita ya ce a dakata, ku ɗaga tafiyar, ko ku kama wa Baba da ɗansa ɗaya daga cikin ƙananan ɗakunan katako da sansanoni da yawa ke bayarwa haya, a tambaya tun a waya ko mashigarsa a ƙasa take, ke da yara ku kwana a naku.